Zazzaɓin da Ke Komowa: Ajiye Tarihin Ciwon Yaro a Waya

Wannan darasi na iyaye ne, da kakanni, da duk mai riƙon yaron da zazzaɓi ke yawan komo masa. Ana iya karanta shi a gida, ko a taron zumuntar mata, ko a wurin jiran likita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abubuwa uku za mu koya: abin da ke sa zazzaɓi ya riƙa komowa, yadda za ku ajiye tarihin ciwon a wayar da ke hannunku, da alamun da ke nuna a tafi asibiti nan take.

1. Tambayoyin da ke ba iyaye wuya

Wata safiya wata mata daga Nima, a birnin Akra, mai sayar da koko da ƙosai, ta kawo ɗanta mai shekara 3. Jikinsa da zafi, kuma ya ƙi taka ƙasa.

Na ce, "Mma, yaushe ya fara?"

Ta ce, "Anti, ai kullum a haka muke. Ya warke, ya koma."

"Sau nawa ke nan daga babbar salla zuwa yau?"

Ta yi shiru tana ƙirgawa da yatsu. "Ko huɗu, ko shida. Na manta."

"Wane magani kika ba shi?"

"Na maleriya, daga kemis."

"An gwada jininsa kafin a ba shi?"

"A'a."

Wannan mata ba ta yi sakaci ba. Ƙarfe 4 na asuba take tashi ta hura wuta, ga yara uku, ga kasuwa. Ba wanda zai iya riƙe ranakun ciwo na wata shida a ka. Amma likita mintoci kaɗan yake ganin yaro, uwa kuwa kullum tana tare da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai in mai gyara ya zo ranar da ba a ruwa, dole a nuna masa wurin. Tarihin da kuka ajiye shi ne zai nuna wa likita wurin.

A ranar mun gwada jinin yaron, ba a sami maleriya ba. Tafin hannunsa ya yi fari. Da aka yi wani gwajin, aka ga yana da sikila. Za mu sake komawa kan labarinsa a gaba.

2. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba

Zazzaɓi alama ce cewa jiki yana faɗa da wani abu. A ƙasashenmu maleriya ce ta fi zuwa wa mutane a rai, kuma da dalili, musamman a unguwanni irin Nima da Maamobi inda ruwa ke kwanciya a kwatoci da damina. Amma tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin nan na tsinken yatsa bai fi minti 20 ba.

In zazzaɓi yana komowa, ga wasu abubuwan da likita zai yi tunani a kai:

- Maleriya, ko sabon cizo, ko maganin da ba a shanye ba.
- Ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ko ciwon huhu.
- Ciwon mafitsara, wanda a ƙananan yara sau da yawa ba ya nuna komai sai zafin jiki.
- Taifot, tarin fuka, ko ƙanjamau.
- Ciwon gado, wato wanda aka haifi yaro da shi daga jinin iyayensa.

Kowannensu da maganinsa daban. Kowannensu kuma da irin tafiyarsa: kwana nawa yake yi, me ke zuwa tare da shi, yaushe yake komowa. Ba a ganin wannan tafiya a rana ɗaya, sai an jera ranaku.

3. Sikila, ciwon gadon da ya fi yawa a cikinmu

Sikila, ko amosanin jini, tsohon ciwo ne a Afirka ta Yamma. Mutanen Ga suna ce masa chwechweechwe, masu jin Twi suna ce masa ahotutuo. Wani likita ɗan Gana, Farfesa Felix Konotey-Ahulu, ya bi sawun ciwon a danginsa, kaka da kakanni, har zuwa shekarar 1670. A Gana, cikin jarirai 100 da ake haifa, wajen 2 suna da shi, wato kimanin jarirai 15,000 kowace shekara. A arewacin Najeriya da Nijar ma yana da yawa.

Yadda ake gadonsa. Kowane mutum yana karɓar kashi ɗaya na irin jininsa daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba ya ɗauke da komai. Mai AS yana ɗauke da iri, amma yawanci lafiyarsa ƙalau. In uba AS ne, uwa ma AS ce, to a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, wato mai ciwon. Wannan lissafi sabo yake komawa a kowane ciki, shi ya sa wani gida ake samun yara biyu a jere masu ciwon, wani gida kuma ba ko ɗaya. Akwai kuma irin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Mai AS da mai AC suna iya haifar SC, shi ma sikila ne, ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi. Gwajin da ke nuna wannan ana ce masa jinotayif. Daban yake da gwajin rukunin jini na A, B da O.

Abin da yake yi a jiki. Jajayen ƙwayoyin jini na mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, kuma suna rayuwa kamar kwana 120. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ake samun ƙarancin jini da ɗorawar ido irin ta shawara. In suka cushe ƙananan hanyoyin jini sai ciwo mai tsanani ya tashi a ƙashi, ko ciki, ko ƙirji. Alamun sukan fara bayan wata 5 ko 6 da haihuwa. Alamar farko sau da yawa kumburin bayan hannu da ƙafa ce, yaro yana kuka in an taɓa.

Dalilin da zazzaɓi ke da haɗari gare shi. A gefen hagu na ciki akwai saifa. Aikinta tace ƙwayoyin cuta daga jini. Sikila tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami. Saboda haka ƙwayar cutar da wani yaro zai yi kwanaki yana faɗa da ita, tana iya kashe mai sikila cikin awoyi. Maleriya ma ta fi yi masa illa, domin tana cin jinin da dama bai isa ba.

Abin da ke taimako. A shekarar 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa shan fenisilin kullum ya rage mugun ciwon da ƙwayar limoniya ke jawowa a ƙananan yara masu sikila da kashi 84 cikin 100. Shi ya sa ake ba su shi sau biyu a rana, tun suna jarirai har aƙalla shekara 5. Ana ƙara musu folik asid, da alluran rigakafi duka, da kwana cikin gidan sauro. Akwai kuma haidroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwo. Yana cikin magungunan da katin inshora na NHIS ke biya a Gana. A shekarar 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a Kumasi. A Akra, asibitin Korle Bu yana da sashen masu sikila. Yaran da aka gano da wuri, aka kula da su, suna girma, su yi karatu, su yi aure.

4. Zazzaɓin gado mai zuwa da lokaci

Akwai wasu cututtuka da ba su da yawa a cikinmu, amma ya kamata a san da su. A cikinsu babu ƙwayar cuta ko kaɗan. Garkuwar jikin yaron ce ke tayar da zazzaɓi da kanta, ta lafa, ta sake tayarwa.

Wanda aka fi sani shi ne zazzaɓin gado na yankin Bahar Rum. Ya fi yawa a cikin Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa. Yana zuwa farat ɗaya da zafin jiki da ciwon ciki, ko ƙirji, ko gaɓoɓi, ya yi kwana 1 zuwa 3, ya tafi kamar ba a yi ba. Tun shekarar 1972 aka gano cewa shan ƙwayar kolcisin kullum yana hana tashinsa, yana kuma kare ƙoda daga lalacewa. In a danginku akwai jinin mutanen Lebanon, ko Siriya, ko Afirka ta Arewa, ku gaya wa likita.

Akwai kuma wani da kan fara kafin yaro ya kai shekara 5. Zazzaɓi mai zafi yakan zo kamar kowane mako 3 zuwa 6, ya yi kwana 3 zuwa 6, tare da ƙuraje a baki, ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya. Tsakanin tashi da tashi yaro yana wasa, yana girma daidai. Yawancin yara sukan rabu da shi in sun girma.

Irin waɗannan yara sukan sha maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta shekara da shekaru ba amfani. Abin da ke tona asirin ciwon shi ne kalanda: zazzaɓi iri ɗaya, kwanaki iri ɗaya, tazara iri ɗaya, gwajin maleriya kuma ba ya nuna komai.

5. Yadda ake auna zafin jiki

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Haka tafin hannun uwa: yana jin zafi, amma ba ya ba da lamba. Ku sayi ma'aunin zafin jiki mai batir a kemis, ku ajiye shi wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani.

- Ki share hammatar yaro ta bushe.
- Ki kunna ma'aunin, ki sa bakinsa a tsakiyar hammata, ya taɓa fata.
- Ki riƙe hannun yaron a jikinsa har ma'aunin ya yi ƙara.
- Ki karanta lambar, ko ki ɗauki hotonta.

Jikin mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. A hammata, daga 37.5 zazzaɓi ya fara. Ki auna kafin ki ba da farasitamol, domin maganin yana saukar da lambar ya ɓoye gaskiya.

6. Abubuwa bakwai da za a ajiye

Duk ranar da yaro ba shi da lafiya, ku ajiye waɗannan:

Na 1, rana da lokaci da abin ya fara.

Na 2, lambar da ma'auni ya nuna, safe da dare.

Na 3, inda ke ciwo, da tsananinsa. Ku yi amfani da mataki uku: yana wasa duk da ciwon, ya daina wasa, yana kuka, ba ya barci.

Na 4, abin da ya zo tare: tari, amai, zawo, kumburi, ƙuraje a baki, ɗorawar ido, fitsari mai duhu, ƙin abinci.

Na 5, abin da ya faru kafin ciwon: ruwan sama ya dake shi, wanka da ruwan sanyi, wasa a rana, doguwar tafiya a mota, ƙarancin shan ruwa, mantuwar magani.

Na 6, maganin da aka ba shi, nawa, da ƙarfe nawa. Har da na gargajiya, da rubutu, da jiƙo. Ba don a yi muku faɗa ba ne. Likita yana bukatar sanin duk abin da ya shiga cikin yaron.

Na 7, gwajin da aka yi da sakamakonsa, da ranar da ciwon ya tafi. Mutane sukan manta wannan na ƙarshe, alhali shi ke nuna tsawon ciwon. Ku kuma sani cewa gwajin maleriya na tsinken yatsa yana iya ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. In likita ya san ranar da aka sha magani, ba zai ruɗe ba.

Ga misali: "Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe 9 na dare. Zafi 37.2. Ciwon ƙafar dama, ya daina wasa. Ba tari, ba amai. Ruwan sama ya dake shi da yamma. Na ba shi farasitamol cokali ɗaya na awo, da ruwa kofi biyu."

7. Yadda za a yi da waya

Ba sai kun sayi wata manhaja ta musamman ba. Abin da ke cikin wayarku ya isa.

Saƙon murya. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, har ga wadda ba ta yi makaranta ba. A WhatsApp mutum yana iya aika wa kansa saƙo. Ko kuma ku buɗe zaure na mutum biyu, uwa da uba kaɗai, ku sa masa sunan yaron. Ki danna, ki faɗi abubuwa bakwai ɗin nan da Hausa cikin rabin minti. Waya da kanta za ta sa rana da lokaci. Kada ku tura gaisuwa ko wani abu a wannan zaure, don kada tarihin ya cakuɗe.

Hoto. Ku ɗauki hoton lambar ma'auni, da kwalin magani, da takardar gwaji, da katin asibiti. Kumburin hannu ko ƙuraje sukan baje kafin ranar ganin likita, hoto kuwa yana nan. Ku ɗauki hoton ido da tafin hannu a hasken rana. Ku ɗauki ɗaya kuma ranar da yaro ke da lafiya, don a sami abin kwatantawa.

Ƙararrawa. Ku sa ƙararrawar waya sau biyu a rana don fenisilin, misali ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma. Ku sa wata don ranar komawa asibiti, wata kuma don ranar ƙarewar katin inshora. A Gana ana sabunta katin NHIS ta waya in an danna *929#.

Ƙaramar waya. In wayarku ba mai shafawa ba ce, tana da kalanda da ƙararrawa, kuma ana iya rubuta saƙo a ajiye ba tare da an aika ba.

Littafi. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, caji yana ƙarewa in an ɗauke wuta. Saboda haka ku sayi ƙaramin littafin makaranta. Ƙarshen kowane wata wani ya zauna ya kwafe: sau nawa aka yi zazzaɓi, sau nawa ciwo ya tashi, kwana nawa kowanne ya yi, kwana nawa yaro bai je makaranta ba. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ku haɗa shi da littafin awo na yaron. Likita ba zai sami lokacin sauraron saƙon murya 40 ba, amma zai karanta shafi ɗaya. Wanda ba shi da waya ko kaɗan, littafin kaɗai ya isa.

8. Lokacin da ba a tsayawa rubutu

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasin. Tarihi yana taimakon likita, amma ba ya maganin ciwo. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan a yaro mai sikila, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne:

- Zafin jiki ya kai digiri 38. In ba ma'auni kuma jiki ya yi zafi, ku tafi. Kada ku ba da farasitamol ku jira safiya.
- Ciwon ƙirji, tari da numfashi da sauri, ko numfashi da ƙyar.
- Yaro ya yi fari farat ɗaya a leɓe da tafin hannu, ya yi laushi, ko gefen hagu na cikinsa ya kumbura. Jini ne ya taru a saifa. Ku roƙi nas ta koya muku yadda ake taɓa saifa.
- Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ya mutu, ko da ya dawo daidai bayan ɗan lokaci. Alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma tana kama yara masu SS, har ƙanana.
- Ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, jijjiga, ko barcin da ba a iya tayar da shi.
- Ciwon da maganin gida bai kwantar ba.
- Amai da ya hana shan ruwa.
- Gaban yaro namiji ya miƙe da ciwo ya kai awa 2. Kada kunya ta hana ku.

Jaririn da bai kai wata 3 ba, ko yana da sikila ko ba shi da ita, in ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar.

Ku shirya tun kafin ranar ta zo. Ku san asibitin da ke buɗe da dare. Mutanen Nima da Maamobi suna da Babban Asibitin Maamobi kusa, da Asibitin Soja na 37. A ƙauye, ku tambayi ma'aikacin ƙaramin asibitin CHPS inda za a kai yaro da dare. Ku ajiye lambar direba ko mai babur da kuka amince da shi, da ɗan kuɗin mota da ba a taɓawa. Lambar gaggawa a Gana ita ce 112. Da kun isa, ku faɗa tun daga bakin ƙofa: "Yaron nan yana da sikila, kuma yana zazzaɓi."

Ciwo mara tsanani, ba tare da zazzaɓi ba, ana iya fara kula da shi a gida: ruwa da yawa, tsumma mai ɗumi a wurin, hutu, da maganin da likita ya rubuta. Kada a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi. Kada a yi tsaga ko ƙaho, domin jinin dama bai isa ba. Kada a ba yaro asfirin.

9. Abin da tarihin ya nuna

Mu koma ga mai koko. Ba ta iya karatun boko ba, sai muka nuna mata saƙon murya. 'Yarta mai zuwa makaranta ce ke kwafewa a littafi. Bayan wata 4 ta zo da shafi ɗaya. Ciwo ya tashi sau uku. Biyu daga ciki sun biyo bayan asubar da aka yi ruwa, ta fito da yaron wurin sana'a da 'yar riga marar hannu. Ita da kanta ta lura da haka kafin mu faɗa.

Ta ce, "Anti, ashe sanyin asuba ne."

Sanyi bai haifar da ciwon ba, amma yana tayar da shi, kamar yadda ƙishirwa da gajiya ke yi. Ta fara barin yaron wurin kakarsa har rana ta fito, ta saya masa rigar sanyi, tana kuma ba shi gorar ruwa. Da likita ya ga yawan tashin ciwon a rubuce, ya fara ba shi haidroksiyuriya, tare da gwajin jini a kai a kai.

Wani dare cikin hunturu ma'auni ya nuna 38.6. Maƙwabta suka ce ta bari gari ya waye. Ta goya shi ta fito. Ciwon huhu ne ya fara. Ya kwana biyar a asibiti, ya koma gida da ƙafarsa. Har yanzu yana da sikila, kuma ciwo yakan tashi wani lokaci. Amma yanzu in an tambayi uwarsa sau nawa, tana da amsa.

10. Ku kiyaye waɗannan

Tarihin ciwon yaro sirrinsa ne. Kada ku sa hotonsa yana cikin ciwo a zauren dangi ko a Facebook. Zai girma, kuma hoto ba ya gogewa. Kada ku ɗauki hoton tsiraicinsa, ku faɗa wa likita da baki.

Ku yi hankali da masu tallar magani a waya da ke cewa suna warkar da sikila cikin wata uku, ko suna mayar da SS ya koma AA. Ba ganye ko ƙwayar da ke yin haka. Kada ku daina maganin asibiti saboda su.

Ku sanar da malamin makaranta halin yaron, don a bar shi ya sha ruwa, ya je bayan gida, a kuma kira ku in jikinsa ya yi zafi.

A gwada sauran yaran gidan, da uwa da uba. Samari da 'yan mata su san jinotayif ɗinsu tun kafin magana ta yi nisa.

11. Kalma ga ikilisiya da maƙwabta

A gidaje da yawa, in yaro yana yawan ciwo sai a ɗora wa uwa laifi. Wasu su ce daga danginta ne, wasu su ce maita, wasu su ce iska. Mun ga matan da aka saka saboda haka. Mun riga mun gani a sashe na 3 cewa kashi ɗaya daga uwa yake, ɗaya daga uba, kuma ba wanda ya zaɓi jininsa. A Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu ko laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa. Ya nuna musu cewa ba na ko ɗaya ba ne, sa'an nan ya taimaki mutumin.

A Yohanna sura 4 kuma akwai wani ma'aikacin sarki da ɗansa ke fama da zazzaɓi a Kafarnahum. Ya yi tafiya har Kana neman taimako. Da bayinsa suka tarye shi da labarin sauƙi, sai ya tambaye su lokacin da zazzaɓin ya sauka, ya kwatanta da lokacin da Yesu ya yi masa magana. Uba ne mai bangaskiya, kuma mai lura da lokaci. Addu'a da ma'auni suna tafiya tare.

A zango Kirista da Musulmi katanga ɗaya suke rabawa, famfo ɗaya suke ɗiba. Mai waya ya taimaki marar waya. Mai mota ya ba da lambarsa ga gidan da ke da yaro mai sikila. Matasa masu lafiya su ba da jini, domin yaran nan sukan bukaci ƙarin jini. Zumuntar mata tana iya sayen ma'auni ta ba gidajen da ba su da hali.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ake gwada jini kafin a sha maganin maleriya?
2. In uba AS ne, uwa AS ce, daga wa yaro mai SS ya gaji ciwon?
3. Faɗi abubuwa bakwai da ake ajiyewa ranar ciwo.
4. Ma'auni ya nuna 38.2 a yaro mai sikila ƙarfe 1 na dare. Me za ki yi?
5. A unguwarku ko ƙauyenku, wa za a kira in ana bukatar mota da dare?

Aikin wannan mako: kowa ya gwada auna zafin jikin yaro ɗaya mai lafiya, ya aika wa kansa saƙon murya da rana, da lokaci, da lambar.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ka san kowane yaro da sunansa. Ka dubi yaran da ke kwana da ciwo, da iyayen da ke kwana a zaune. Ka ba iyaye ƙarfi da lura, ka ba likitoci da nas-nas hikima da haƙuri. Ka kawar da zargi daga gidajenmu, ka sa mu ɗauki nauyin juna. A cikin sunan Yesu, Amin.